Shirin Musamman: Idan Kamfanonin Ƙarfe Suka Haɗe, Ina Makomar Ma'aikaci?



Rodin da magini ke ɗaurewa da waya, da ƙofar da mai walda ke haɗawa a bakin titi, da buhun gwangwanin da matashi ke ɗorawa a sikeli, duk cinikinsu yana rataye ne da masana'antar ƙarfe. In ta canza hannu, har mu nan sai mun ji a jikinmu.

A farkon shekarun 1980 gwamnatin tarayya ta kafa masana'antun mulmula ƙarfe a Katsina da Jos da Oshogbo. A zamanin Obasanjo aka cefanar da su, ta Katsina ta koma hannun kamfanin Dana. Masana'antar ƙarfe ta Ajakuta kuwa an damƙa ta ga wani kamfanin Indiya, har marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya soke yarjejeniyar a 2008. A irin wannan ciniki farashi ake fara tambaya, ma'aikaci sai daga baya.

A Turai, kamfanonin ƙarfe na Arcelor da Mittal sun haɗe a 2006, amma zuwa 2013 an kashe wutar manyan tukwanen narka ƙarfe na garin Florange a Faransa. A Amurka kuwa, da Nippon Steel na Japan ya nemi sayen US Steel, ƙungiyar ma'aikata ta ce ba ta yarda ba. Cinikin bai faɗa ba sai a Yunin 2025, bayan kamfanin ya sa hannu cewa hedikwata za ta zauna a Pittsburgh, kuma gwamnati na da ikon hana rufe masana'anta.

Mu ma a Najeriya muna da madogara. Sashe na 20 na dokar ƙwadago ya wajabta a sanar da ƙungiyar ma'aikata kafin a rage su, sannan wanda ya shigo ƙarshe shi ne zai fara fita. Hukumar kula da gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya (FCCPC) kuma tana da hurumin duba makomar ayyuka kafin ta amince da haɗewar kamfanoni.

Don haka kira ga shugabannin ƙwadago da wakilanmu a majalisa: kada ku karɓi alkawarin baki. A rubuta mutum nawa za a riƙe, har shekara nawa, nawa za a biya wanda aka sallama, da tarar da ke kan wanda ya saɓa. A yi wannan kafin a sa hannu, lokacin da mai saye ke neman yardarku.