Na'urar Neman Zinare: Yadda Take Aiki da Inda Ƙarfinta Ya Tsaya

Na'urar gano ƙarfe sanda ce mai faifai a ƙarshenta, da ɗan akwatin batir da maɓallai kusa da mariƙi, da abin sawa a kunne. A cikin faifan akwai wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe. Idan lantarki ya bi ta wayar, sai ƙarfin maganaɗisu ya fita daga faifan ya ratsa ƙasa. Duk ƙarfen da ya tarar, ƙusa ce ko tsohon kwabo ko ƙwayar zinare, yakan tayar da ɗan lantarki a jikinsa, shi kuma ya mayar da amsa zuwa sama. Wannan amsar ce na'urar ke kamawa ta mai da ita ƙara a kunnen mai nema. Ƙarfe kawai take ji. Sanin ko zinare ne, wannan sai an tona.

Iri biyu aka fi amfani da su. Ta farko tana aika sigina ba yankewa, tana da sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka, kuma ta fi kama ƙananan ƙwayoyi da ke kusa da sama. Ta biyu tana harba lantarki ne bugu-bugu, tana sauraron amsa tsakanin bugu da bugu. Ita ce mai tsada da nauyi, amma ta fi nisan ji, ta kuma fi jure jar ƙasa mai yawan sinadarin ƙarfe, wadda kan sa ta farkon ta yi ta kuka ba gaira ba dalili. Shi ya sa gwani ba ya fara aiki sai ya daidaita na'urarsa da ƙasar wurin.

Aikin kansa na haƙuri ne. Mai nema yana tafiya sannu a hankali, faifai dab da ƙasa, yana kai shi dama da hagu kamar mai shara. Da ƙara ta canza, sai ya tsaya ya share tsakuwar sama, ya sake gwadawa, sannan ya sa diga. Idan ƙarar ta bar rami ta koma cikin ƙasar da aka fitar, sai ya riƙa dumbuzar ta da hannu yana giftawa a kan faifan, yana raba ta biyu yana zubar da rabin da ya yi shiru, har abin ya rage a tafinsa. Don haka ne ake cire zobe da agogo kafin a fara. Sau da yawa abin da ke fitowa guntun waya ne ko kwanson harsashi.

Nisan jin na'urar bai kai yadda 'yan talla ke faɗa ba. Ƙwaya kamar ta gero ba a jin ta sai tana cikin 'yan santimitoci daga sama, babban dunƙule ne ake iya ji a kusan mita ɗaya. Garin zinare da ke cikin yashin rafi, da wanda ya watsu cikin dutse, duk sun fi ƙarfinta. Akwai kuma jabun na'urori masu ɗauke da sunan kamfanin Minelab da suka cika kasuwannin Afirka, saboda haka mai saye yakan binne ɗan zinare ya gwada kafin ya biya.

Na'ura ba ta sa zinare inda babu shi. Misali, ƙasar Inugu ta kwal ce: a 1909 aka gano shi a yankin Udi. Zinaren Najeriya yana cikin tsofaffin duwatsun yammacin ƙasar ne, kamar Anka da Maru a Zamfara, Birnin Gwari a Kaduna, Yawuri a Kebbi, da Ilesha a Osun.

A Ostareliya da Amurka, mutane da yawa sun ɗauki wannan nema abin sha'awa na ranakun hutu. A jihar Biktoriya ta Ostareliya sai mutum ya yanki lasisi, kuma dole ya cike duk ramin da ya tona. Can ne a 1980 Kevin Hillier ya tono dunƙule mai nauyin kilo 27 da na'urarsa, a zurfin da bai wuce santimita 30 ba. Irin wannan sa'a ba ta yawan faɗowa.

A yankin Sahel kuwa neman abinci ne. Na'urorin sun fara yaɗuwa a Sudan, suka bi ta Chadi, sannan a 2014 aka gano zinare a Djado da ke arewa maso gabashin Nijar, da Tchibarakaten kusa da iyakar Aljeriya. Dubban mutane suka yi tururuwa ta Agadez. Hamada ta dace da na'urar, domin ba ciyawa, kuma iska ta daɗe tana kwashe rairayi tana barin zinare kusa da sama. Galibi mai kuɗi ne ke sayen na'ura da mota da ruwa da abinci, a raba abin da aka samu. Gwamnatin Nijar ta rufe Djado a 2017.

Haɗarin yana farawa ne idan zinaren sama ya ƙare, aka koma haƙa rijiyoyi da niƙa dutse. A watan Nuwamba na 2021 ramuka suka rufta a Garin Liman, yankin Ɗan Issa na jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu. A Zamfara, niƙa dutsen zinare a cikin gidaje ya watsa gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka mutu a 2010.

Ta fuskar doka, dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ta ɗora mallakar duk ma'adinan ƙasa a hannun gwamnatin tarayya. Mallakar na'ura ko ta gona ba ta ba mutum ikon haƙa ba, sai ya nemi lasisi daga ofishin rajistar ma'adinai na tarayya, ya kuma sami amincewar mai filin.