Shin Sankarar Melanoma ta Ido Tana Tsallakawa Zuwa Ɗaya Idon?

Melanoma sankara ce da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke samar da launi a jiki, kuma idan ta kama ido, galibi tana tsirowa ne a cikin wata siririyar shimfiɗa mai yalwar jijiyoyin jini da ke ƙarƙashin farin ido. Ita ce ta fi yawa cikin sankarorin da ke farawa a ƙwayar idon manya, duk da cewa ba ta wuce mutum 5 zuwa 6 cikin miliyan a shekara a Amurka, kuma ta fi samun masu hasken fata da hasken ido nesa ba kusa ba.

Maganar da ta fi tayar da hankalin majinyata ita ce wai cutar takan bi jijiyar gani ta tsallaka zuwa ɗaya idon, tun da jijiyoyin biyu suna haɗuwa a gindin ƙwaƙwalwa. Haɗuwar gaskiya ce, amma ba ita ce hanyar wannan cuta ba, domin da wuya melanoma ta kutsa jijiyar gani, kuma samun ta a idanu biyu yana cikin mafi ƙarancin abin da likitocin ido ke gani. Wata sankarar dabam, wato retinoblastoma mai kama ƙananan yara, ita ce takan bayyana a idanu biyu, kuma ko ita ba tsallakawa take yi ba: matsala ce a ƙwayoyin gado da ke sa kowane ido ya tsirar da nasa ƙarin.

Batun yaɗuwa zuwa naman da ke kewaye da ido kuwa yana da tushe. Ƙarin da ya girma yakan bi ƙananan kafofin da jijiyoyi ke ratsa farin ido ya fito cikin kwarmin ido, wani lokaci a hange shi kamar baƙin tabo mai tudu a gefen ƙwayar. Haka kuma melanomar da ke fitowa a tantanin da ya lulluɓe farin ido takan kai ga kaluluwar gaban kunne da ta wuya.

Sai dai haɗarin da ya fi cancantar kulawa yana nesa da fuska. Ta jini melanomar cikin ƙwayar ido take tafiya, kuma kusan rabin masu ita takan bayyana musu a wani sashe na jiki, inda hanta ce masaukinta a wajen kashi 90 cikin ɗari na waɗannan, ko da bayan shekara goma da jinyar idon.

Wannan ne ya rusa zaton cewa cire ido shi ne kaɗai mafita. Binciken COMS da aka yi a Amurka da Kanada kan majinyata 1,317 masu matsakaicin ƙari ya nuna a 2001 cewa waɗanda aka ɗinka wa ɗan faifai mai fitar da radiyeshan a bayan ido na 'yan kwanaki sun rayu daidai da waɗanda aka cire wa idon, abin da ake dangantawa da cewa ƙwayoyin cutar sukan riga su fita tun kafin a gano ta. Saboda haka likitoci ke ci gaba da ɗaukar hoton hanta a kai a kai, musamman idan gwajin ƙarin ya nuna rashin kwafi ɗaya na kuromosom na 3 ko lalacewar ƙwayar gadon da ake kira BAP1.