Sana'ar motsa jiki a ƙauye: Mu fara da waɗanda filin ƙwallo ya bari a baya

Duk wanda ya tashi a Yasore ya ce zai buɗe wurin motsa jiki don samun kuɗi, dariya za a fara yi masa. Za a ce manomin da ya wuni yana huɗa, ko yarinyar da ta yi sahu biyar zuwa rijiya, wane motsa jiki ya rage musu? Masu faɗin haka suna da gaskiya. Sai dai idan muka leƙa cikin gidajenmu na ƙasar Batsari da Safana, za mu tarar da wasu mutane daban: kakar da gwiwa ta zaunar, tela da mai shago masu wuni a kan kujera, matan da ba kasafai suke fita ba, yayanmu da shan inna ya taɓa wa ƙafa, da waɗanda harin 'yan bindiga ya raba da gonakinsu suka koma zaman dole. Filin ƙwallo bai san da su ba, alhali su ne suka fi buƙata. A wajensu kasuwar take.

Me jiki yake buƙata?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro ko matashi mai shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum. Babba kuwa minti 150 zuwa 300 a mako. Wanda ya kai shekara 65 ana so ya ƙara da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a mako, don kada ya riƙa faɗuwa. Shawarar ta haɗa da masu buƙata ta musamman, kowa gwargwadon ikonsa. Motsa jiki yana taimakawa wajen rage haɗarin hawan jini da ciwon suga, yana kuma gyara barci da rage damuwa, abin da mazauna gefen Dajin Rugu suka san darajarsa.

A nan ne yoga yake ba mu darasi. Wani tsarin miƙe gaɓoɓi ne da sarrafa numfashi da ya samo asali daga Indiya. A watan Disamban 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga Yuni a matsayin ranarsa, aka fara bikin a 2015. Asalinsa yana da alaƙa da addinan Indiya, don haka iyayenmu suna da dalilin yin tambaya. Abin da za mu ɗauka shi ne ɓangaren jiki kaɗai: miƙewa a hankali, tsayuwa da ƙafa ɗaya, jan numfashi da saukewa cikin natsuwa. Mu kira shi miƙe jiki, mu kuma nuna wa malamin unguwa abin da za a riƙa yi tun kafin a fara. Alfanunsa ga mai ƙaramin jari shi ne ba ya buƙatar inji ko wutar lantarki. Tabarma da inuwa sun wadatar.

Darasin ƙwallon masu shan inna

Ba sai mun je Indiya ba kafin mu ga yadda ake gyara wasa ya dace da mai yinsa. A 1988 Misbahu Lawan Didi, wanda shi kansa shan inna ya taɓa, ya ƙirƙiro ƙwallon da ake bugawa a zaune. Ɗan wasa yana hawa katako mai ƙananan tayoyi, yana tura kansa da hannu, yana buga ƙwallon da hannu. Wasan ya bazu zuwa jihohi da dama, kuma akan shirya gasarsa a lokacin Ranar Yaƙi da Shan Inna ta Duniya, 24 ga Oktoba. Didi bai jira an gina masa fili na musamman ba. Ya duba jikin da yake da shi da na abokansa, ya tsara wasa a kan haka.

A watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna, amma waɗanda ta riga ta nakasa suna nan tare da mu. Doka ma tana bayansu: a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta haramta nuna wa masu buƙata ta musamman wariya.

Yadda za a tsara

Abu na farko shi ne izini. A je wajen mai gari da shugaban makaranta a nemi aron fili ko aji bayan an tashi. A zaɓi wurin da keken guragu zai shiga ba tare da an ɗaga mutum ba.

Na biyu, a raba rukuni. Na mata a cikin gida mai yalwar tsakar gida, mace ce za ta jagoranta, da yardar masu gida. Na dattawa a yi shi a kan benci, mai iya tsayuwa ya dafa bango. Na yara a sa langa da gaɗa da tsallen igiya, a kuma tanadi wasan da ake yi a zaune. Makaho a yi masa bayani da baki dalla-dalla, kurma a tsaya a gabansa ya ga motsin.

Na uku, lokaci. A yankin da tsaro yake tangal-tangal, da rana ake taro kuma a cikin gari. Duk ranar da shugabanni suka ce a dakata, a dakata.

Lissafin kuɗi

Mu ɗauka akwai rukuni uku, kowanne mutum 15, jimilla 45. Idan 35 suka biya Naira 500 a wata, an tara Naira 17,500, sauran 10 marasa hali kuma sun shiga kyauta. Daga ciki a sayi tabarmi, a ba masu koyarwa ɗan abin sabulu, a ajiye saura. Wanda ba shi da tsabar kuɗi ya kawo tiyar gero ko wake da kaka. A samu littafi a riƙa rubuta duk abin da ya shigo da wanda ya fita, mutum biyu su sa hannu, domin rashin lissafi ne yake kashe yawancin ƙungiyoyin matasa. Idan abin ya kankama, wani babba daga cikin masu kula zai iya yi wa sunan rajista a Hukumar CAC.

Iyakar da ba a tsallakewa

Mai koyar da miƙe jiki ba likita ba ne. Kada ya ce zai warkar da hawan jini ko shanyewar ɓarin jiki, kada ya sayar da magani, kada ya ce wa kowa ya daina shan wanda aka rubuta masa. Mai ciki, mai ciwon zuciya da wanda aka yi wa tiyata su fara jin ta bakin ma'aikacin lafiya. Wanda ya ji jiri ko ciwon ƙirji ya tsaya nan take a kai shi asibiti. Yana da kyau a roƙi ma'aikacin ɗakin shan magani ya riƙa zuwa sau ɗaya a wata yana auna jini, duk wanda awonsa ya kai 140/90 a tura shi a sake dubawa. Kuskure ɗaya a nan zai iya jawo asarar rai, kuma gari ba zai sake yarda da ku ba.

Mun san karatu ne aikinku na farko, don haka wannan shiri ne na hutu da ƙarshen mako. A hutun da ke tafe, ku haɗu ku huɗu, maza biyu mata biyu, ku roƙi malamin wasanni ya koya muku motsi goma marasa haɗari. Sannan ku zaga unguwa ku rubuta mutanen da zama ya yi wa yawa, ku tambaye su wane lokaci zai yi musu da nawa za su iya biya. Idan kun samu mutum goma da suka amsa, ku shimfiɗa tabarma ku fara.