Dokar Inshorar Lafiya: Ina Rabon Tsofaffi?

Duk dattijon unguwar Badawa a Kano mai hawan jini ko ciwon suga ya san inda kuɗin fanshonsa ke ƙarewa: kantin magani, wata bayan wata.

A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA), wadda ta wajabta inshorar lafiya ga 'yan Najeriya, ta kuma tanadi asusun masu rauni, har da tsofaffi. Manufar asusun ita ce ya biya musu kuɗin inshora, su riƙa karɓar magungunan da hukuma ta amince da su.

A Kano, hukumar inshorar lafiya ta jiha, KSCHMA, ce ke yin rajistar masu shiga inshorar. 'Ya'ya da jikoki, ku kai iyayenku tun kafin ciwo ya kwantar da su.