2.3 Asalin Katangun Duwatsu na Dazukan New England

Abin lura a nan shi ne, katangun da ake tararwa a dazukan New England, arewa maso gabashin Amurka, ba a daji aka gina su ba. Gonaki ne daji ya cinye. Bayan Turawa manoma sun sare itatuwa, sai ƙasa ta riƙa daskarewa da hunturu, tana tunkuɗo duwatsu sama kowace shekara. Akan kwashe su da shanu, a jibge a iyakar gona. Wato katangar juji ce kafin ta zama shinge. Da aka buɗe mashigin ruwan Erie a shekarar 1825, hatsi mai araha daga yamma ya karya kasuwar waɗannan manoma. Da yawansu suka yi ƙaura, gonakin suka zama saura, daga bisani itatuwa suka rufe su.