Sanyi da Zafi: Yadda Yanayi Ke Juya Kasuwar Shinkafa a Japan

Noman shinkafa a tsibiran ƙasar Japan ya dogara ne a kan ruwan sama na watannin Yuni da Yuli, da kuma zafin watan Agusta, lokacin da shuka ke fitar da kai.

A shekarar 1993 zafin bai samu ba. Iska mai sanyi da ake kira yamase ta yi ta kaɗowa daga teku zuwa yankin Tohoku na arewa maso gabas, rana ta yi ƙaranci, shinkafa ta ƙi yin ƙwaya. Abin da aka girbe bai kai tan miliyan 8 ba, alhali buƙatar ƙasar ta kai kimanin miliyan 10.

Ala tilas gwamnati ta shigo da fiye da tan miliyan 2 daga Tailan da Sin da Amurka da Ostireliya. Daga 1995 kuma doka ta ɗora mata nauyin ajiye shinkafar ko-ta-kwana.

Matsanancin zafin 2023 shi ma ya rage ingancin amfanin gona. Shinkafa ta yi wuya a kantuna a 2024, har gwamnati ta buɗe rumbunanta a 2025 domin karya farashi.