Lafiyar Ma'aikaci: Haƙuri Ba Ya Maganin Hawan Jini

Tun daga ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka cire Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, Dutse ta tashi daga garin manoma ta koma garin ma'aikata. Sakatariya ta zo, bankuna suka biyo baya, a 2011 kuma aka kafa Jami'ar Tarayya. Wanda ya tsaya bakin titi a Limawa da sassafe zai ga yadda jama'a ke kwarara: malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, akawu, birkila, mai ɗinki, ɗan achaɓa. Akwai kuma waɗanda iyalinsu ke Kano ko Haɗeja ko Gumel, kullum ƙafarsu na kan hanya. Ana lissafin albashin waɗannan mutane, ana lissafin makararsu, amma wa ke lissafin lafiyarsu?

Sau nawa muke jin an ce wane ya yanke jiki ya faɗi a ofis, ko ya wayi gari da shanyewar ɓarin jiki, alhali jiya lafiya lau aka rabu da shi? Ajali na Allah ne, babu ja. Sai dai hawan jini da ciwon sukari kan yi shekaru suna cin mutum ba tare da wata alama ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana cewa aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a 2016, ta hanyar bugun zuciya da shanyewar jiki. Ma'aikacin da ke tashi daga ofis ya hau babur yana neman na cefane har dare, ko ya wuce shago, ya zarce wannan adadi ba tare da ya sani ba. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, irin waɗannan sun ƙaru, domin mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba ya kai gida ƙarshen wata.

Ciwon jiki ma yana da gata, don ana iya faɗarsa. Ciwon damuwa shi ne maraya. Mutum ya daina barci, abinci ya fita ransa, ƙaramin abu ya sa shi faɗa, aikin da yake gamawa cikin awa guda ya kai shi yini. In ya yi ƙorafi, a ce masa ya yi haƙuri. In ya nemi likita, a fara raɗa cewa ya taɓu. Don haka sai ya haɗiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duniya na asarar ranakun aiki biliyan 12 duk shekara saboda damuwa da fargaba. Haƙuri halin kirki ne, addu'a kuma makamin mumini, amma addinin da ya koya mana su shi ya umarce mu da neman magani.

Abin takaici, doka ta riga ta tanadi abubuwa da yawa, ma'aikata ne ba su sani ba. Dokar Ƙwadago ta ba wanda ya yi aikin sa'o'i shida ko fiye hutun aƙalla awa guda, da yini guda a kowane mako, da kwana 12 na jinya a shekara tare da albashi idan likita ya tabbatar. Dokar biyan diyya ta 2010, wadda asusun NSITF ke kula da ita, ta haɗa har da larurar ƙwaƙwalwa da aiki ya jawo. A watan Janairun 2023 kuma aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958 mai kallon majinyaci tamkar wanda za a ɗaure. Sai dai doka a takarda ba ta auna jinin kowa.

Gyaran bai buƙatar kasafin miliyoyi. Kowace ma'aikata ta ajiye na'urar awon jini, ta ware rana guda a wata da ma'aikacin lafiya zai zo ya duba kowa, daga darakta har masinja. A bar mutum ya tafi hutunsa na shekara ba tare da an ɗauke shi rago ba. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, masu gini da masu fasa dutse su sami ruwan sha da inuwa da takunkumin tare ƙura, a kuma kauce wa aikin tsakar rana. Shugabanni su koyi gane alamun damuwa, su riƙe sirrin wanda ya kawo kukansa, su nuna masa hanyar Asibitin Rasheed Shekoni ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ba tare da tozarci ba. Ƙungiyoyin ƙwadago su ma su sa wannan cikin buƙatunsu, kada magana ta tsaya ga albashi kaɗai.

Shi ma ma'aikaci da nasa rabon: tafiyar ƙafa ta minti 30 sau biyar a mako, rage gishiri da sinadarin ɗanɗano, da barin sayen ƙwaya a kemis don kashe gajiya. Kujerar ofis ba ta zaman makoki. Kafin sadakar bakwai an fara zancen wanda zai hau ta. Iyalin da aka bari su ne ba su da madadi.